Awa 24 Ba Sa Isar Ɗalibin Alshajara

Duk wanda ya taɓa zama a zauren da ake karɓar sababbin ɗalibai a jami'a ya san huɗubar da ake yi musu. Wani babban malami zai miƙe ya gyara riga, ya ce kowa ya zana jadawali ya manna a bangon ɗakinsa: awa kaza karatu, awa kaza barci, awa kaza shaƙatawa. In wani yaro ya yi ƙarfin hali ya tambaya ko zai iya haɗa karatun da 'yar sana'a, sai a ce masa taura biyu ba ta taunuwa. Huɗubar ba ƙarya ba ce, amma tana ɗauka cewa awoyin yini a hannun ɗalibin suke, rabon ne kawai bai iya ba. A garuruwanmu da yawa kuwa, kafin ɗalibi ya idar da sallar asuba wasu sun riga sun yanki kasonsu daga cikin yininsa. Babu inda wannan ya fito fili kamar Khartum a shekarun da suka gabaci yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023.

Alshajara unguwa ce a kudancin birnin, a bakin Farin Nilu. Lamab tana arewa da ita, Hammadab da Azuzab da Kalakla suna kudu, Jabra kuma tana gabas. Duniya ta san sunanta ne saboda barikin rundunar tankokin yaƙi da ke can, wanda dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin ƙasar, suka yi wa ƙawanya, aka yi mummunar gwabzawa a kansa a watan Agusta na 2023. Kafin wannan masifa, unguwar ma'aikata ce da sojoji da masunta da ƙananan 'yan kasuwa, masu 'ya'ya a jami'o'in birnin. Wasu suna Jami'ar Khartum da ke bakin Shuɗin Nilu, wasu Jami'ar Nilain ko Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha a wajen Mugran, inda kogunan biyu suka haɗu. Wasu kuma sai sun tsallaka gadar Fitihab kafin su isa Jami'ar Musulunci ta Omdurman, 'yan mata wasunsu har Jami'ar Ahfad.

A taswira tafiyar ba ta da wani tsawo. A ƙasa kuwa labarin daban ne. Motar da ta taso daga Kalakla ko Jabal Auliya tana isowa Alshajara a cike, yaron mota na rataye a ƙofa da takardun kuɗi a naɗe tsakanin yatsunsa, ko kallon masu jira ba ya yi. Ɗalibi ya tsaya da jakarsa yana ƙirga motocin da suka wuce. In ya samu ta ɗauke shi, zai sauka a tashar Jakson ko Suƙ al-Arabi ya sake neman wata. Da yamma a sake irin wannan a juye, cikin zafin da a watan Mayu yake haura digiri 40, ga layin mai ya cinye rabin motocin hayan garin. Ya iso gida bayan magariba ya tarar ranar ce ta unguwarsu a jadawalin ɗauke wuta. Wayar da malami ya turo darasi a cikinta saura kaɗan ta mutu.

Mu yi lissafi. Mako yana da awa 168. Likitoci sun ce baligi yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye a dare, wato 49 a mako. Jami'o'in Turai, da suka auna nauyin karatu da awoyi, suna ƙiyasta shekarar cikakken ɗalibi a kan awa 1,500 zuwa 1,800, wanda ya kama kimanin awa 40 a kowane mako na zango. Idan hanya ta ci awa 3 a kullum na kwana biyar, 15 sun tafi. A cire salla da cin abinci da wanka da wanki, a cire layin burodi da layin iskar gas waɗanda a gidaje da yawa saurayin gidan ake turawa, in kuma mace ce a cire girki da rainon ƙanne. Abin da ya rage shi ne za a raba tsakanin neman kuɗi da hutu. Tun da kuɗin mota ba ya jira, kuma aikin da malami ya bayar yana da ranar miƙawa, hutu ne kaɗai ba shi da mai tsaya masa. Shi ake fara yankawa, a fara da hira da ƙwallo, a ƙare da barci.

 

Ba haka aka faro ba. Jami'ar Khartum, wadda ta samo asali daga Kwalejin Gordon ta 1902 kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1956, ta daɗe tana ɗaukar ɗalibinta kacokan. Ɗakin kwana kyauta, abinci kyauta, ga ɗan alawus. Tsofaffin ɗalibanta har yau suna ba da labarin ɗakunan kwanan da ake kira Baraks, inda mutum zai fito daga ɗaki ya taka da ƙafa zuwa aji. Wancan ɗalibin ba ya buƙatar sana'a, kuma lokacin da ya rage masa ya zuba shi a karance-karance da muhawara da siyasa, har ta kai wani taron ɗalibai a harabar jami'ar ya zama mafarin boren Oktoban 1964 da ya kawar da Janar Ibrahim Abbud. Amma kujerun kaɗan ne ƙwarai, 'ya'yan ƙalilan ne suka mori wannan gata.

A 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta shelanta abin da ta kira juyin juya halin ilimi mai zurfi. Aka buɗe jami'o'i a jihohi, adadin na gwamnati ya tashi daga 'yan ƙalilan zuwa fiye da 20 cikin shekaru kaɗan, aka mayar da harshen koyarwa Larabci, aka ninka yawan waɗanda ake ɗauka. A lokaci guda aka janye ciyarwa da masauki daga wuyan jami'o'i, aka miƙa wa wani asusun ƙasa na kula da ɗalibai wanda bai taɓa iya ɗaukar kowa ba. Ƙofa ta buɗe wa ɗan talaka, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai an shigar da shi aji an bar masa cikinsa da kuɗin motarsa, kuma jadawalin darussa ya ci gaba da tafiya kamar har yanzu a Baraks yake kwana.

Daga nan sai tattalin arziki ya ƙarasa aikin. Ballewar Sudan ta Kudu a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar. A Disamban 2018 burodi ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3, abin da ya kunna zanga-zangar Atbara. A Fabrairun 2021 gwamnatin riƙon ƙwarya ta karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, kuma a watan Yuli na shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. A irin wannan yanayi kuɗin da uba ya ware wa ɗansa a farkon zango ba ya kai tsakiyarsa. Saboda haka kafin yaƙin za ka ga ɗalibin injiniya yana tuƙa raksha, wato Keke Napep ɗinsu, daga la'asar zuwa dare. Wanda gidansu ke da mota ya yi rajista da manhajar Tirhal yana ɗaukar fasinja. Wasu suna koyar da yaran sakandare lissafi a gidajensu, wasu suna gyaran waya a Suƙ al-Arabi, wasu suna tura wa mutane kuɗi ta manhajar banki ta Bankak su ɗauki ɗan lada. 'Yan mata suna sayar da turare da mayafai da kek ta Facebook, suna kai wa masu saye tsakanin darasi da darasi.

Hausawan Sudan ba baƙin wannan rayuwa ba ne. Kakanninsu da suka kama hanyar Makka a ƙafa sun riƙa yada zango suna aikin auduga a Jazira, su tara guzuri su ƙara gaba, wasu kuma suka zauna, kamar jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, da suka kafa gari kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. A Khartum za ka same su a unguwanni irin su Ingaz da Mayo. Ɗansu da ke jami'a yana iya fitowa daga ajin haɗa magunguna da azahar, la'asar ta same shi a gaban tukubar mahaifinsa yana fere nama falle-falle, yana birkima shi a garin gyaɗa da yaji, yana jera tsinkayen agashe a gefen garwashi. Littafin yana cikin leda a ƙarƙashin teburin saboda maiƙo. Tsakanin mai saye da mai saye ya leƙa shafi guda. Uban zai ce, “Kai, tashi ka je ka yi karatunka, ni zan ji da su,” yaron ya amsa, “To Baba, bari jama'a su ragu.” Jama'a kuwa ba sa raguwa sai sha ɗayan dare.

Akwai wani rukuni da nasu aikin ba na cin yau ba ne, na gobe ne: masu koyon rubuta manhaja, masu zane a kwamfuta, masu fassara, masu ɗaukar hoto. Su ne a wasu ƙasashe ake yi wa kirari da 'yan baiwa, ana cewa daga ɗakin kwanan ɗalibai kamfanin Facebook ya fito a 2004. A Khartum an ɗaure musu hannu ta baya. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan a 1997 bai sauka ba sai Oktoban 2017, sunan ƙasar kuma bai fita daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci ba sai Disamban 2020. A tsawon wannan lokaci yaro zai iya yin aiki mai kyau ya rasa hanyar da za a biya shi daga waje. A farkon 2014 shafin Coursera, mai darussan jami'a ta intanet, ya rufe ƙofarsa ga masu shiga daga Sudan saboda takunkumin. Gida ma bai bar su ba: an katse intanet na fiye da wata guda bayan kisan masu zaman dirshan na 3 ga Yuni, 2019, an sake katsewa na makonni bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba, 2021. Wanda ya yi wa abokin ciniki alkawarin miƙa aiki ranar Alhamis ba shi da bakin da zai yi bayani.

Karatun kansa bai tsaya wuri ɗaya ba balle a tsara rayuwa a kewayensa. An rufe jami'o'i a Disamban 2018 suka yi watanni a kulle, an sake rufewa a Maris na 2020 saboda korona, ga yajin aikin malamai, ga zanga-zangar da ke sa a toshe gadoji, wanda ke nufin ɗan Alshajara da ke karatu a Omdurman ya kwana da sanin ba shi da aji gobe. Da yawa daga waɗanda suka shiga jami'a a 2017 yaƙi ya same su ba su kammala ba. Duk sanda aka buɗe kuma, sai a matse zango a cikin 'yan makonni don a cike giɓi. Wanda ya kama sana'a a lokacin zaman banza, ya tara abokan ciniki, sai a wayi gari an ce jarrabawa saura mako uku. Ɗalibin Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello da ya ga yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Namu 'ya'yan da suka je daga Kano da Jigawa da Sakkwato da Maraɗi, kafin yaƙin da yawansu a Jami'ar Afirka ta Duniya suke, wadda ta fara a matsayin Cibiyar Musulunci ta Afirka a 1977 ta zama jami'a a 1992, kuma ba ta da nisa sosai gabas da Alshajara. Hanyar tsohuwa ce. Marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya yi karatu a Bakht al-Ruda a shekarun 1950, marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi a wannan jami'a ta Afirka, Sanusi Lamido Sanusi kuma ya ajiye aikin banki ya je can ya karanta shari'a ya gama a 1997. Ajiye aiki don karatu abu ne na wanda ke da abin da zai ci. Yaron da jiha ta tura da alkawarin alawus, alawus ɗin ya yi wata da watanni bai zo ba, shi ba shi da wannan zaɓi. Zai buga waya gida: “Baba, har yanzu shiru.” A ce masa, “Ka ƙara haƙuri, an ce takardar tana ofishin kwamishina.” Daga nan sai ka ji ya fara canjin naira da fam a tsakanin 'yan uwansa, ko yana aiko da jallabiya da turaren wuta ana sayar masa a Kano, ko ya zama mai nema wa sababbi gurbin karatu a biya shi lada. Idan ya faɗi jarrabawa, jami'in da ya danne takardar shi ne zai fara cewa yaran yanzu ba sa mayar da hankali.

Ban kawo wannan duka don in wanke ɗalibi tas ba. Sana'a tana cin karatu, kuma mun ga waɗanda ta cinye. Kuɗin raksha a daren yau yake shiga aljihu, digiri kuwa alkawari ne na shekara huɗu ko shida a ƙasar da masu digirin ma ke tuƙa raksha. Yaro ya fara da cewa darasi ɗaya zai tsallake, a hankali ya koma mai zuwa ranar jarrabawa kawai, yana haddace takardun da abokai suka kwafa. A ganina bambancin da ya kamata ɗalibi ya duba ba girman kuɗin ba ne, a'a, ko aikin yana da lokacin tashi. Koyar da yara daga ƙarfe biyar zuwa bakwai yana ƙarewa ƙarfe bakwai. Saye da sayarwa ta waya ba ya ƙarewa: mai saye zai turo saƙo kana tsakiyar darasi, ya kira kana sujada, ya yi fushi in ka yi awa guda ba ka amsa ba. Irin wannan aikin ko da awoyinsa kaɗan ne a lissafi, yana gutsuttsura sauran awoyin har ba a samun zama ɗaya mai tsawo da za a fahimci babi mai wuya. Ba a banza ba Ingila da Amurka suka ƙayyade wa ɗalibi baƙo aikin awa 20 a mako lokacin zango. Dokar shige da fice ce, amma adadin ya yi kusa da iyakar abin da cikakken karatu zai iya ɗauka.

Inda na rabu da masu huɗuba shi ne a kan hutu. Su a wurinsu, in ɗalibi ya haɗa karatu da sana'a ya bar zaman hira, ya zama abin misali. Ni ina ganin ya fara cin bashin da jikinsa zai biya. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa a cikin barci ne abin da aka koya da rana yake zama daram. Wanda ya kwana yana karatu da ƙarfin kofi ya shiga jarrabawa, ya biya kuɗin karatun bai karɓi kayan ba. Malamanmu na tsangaya, da na khalwa a Sudan, ba su karanta wannan a mujallar kimiyya ba, amma sun ajiye allo daga yammacin Laraba zuwa Juma'a. Gardi yana ɗinkin hula ko yankan farce ya ci abinci, yana da lokacin karatun dare da na asuba, kuma yana da ranakun da babu mai tambayarsa hadda. Tsarin da muke yi wa kallon na da ya ware wa abu ukun nan wurinsu, jami'ar zamani kuwa ta san guda ɗaya kawai.

Hutun ɗalibin Khartum kuma ba kwanciya kaɗai ba ne. Kafin yaƙin, a bakin kowace jami'a akwai mai shayi a gindin bishiya, da 'yan kujerunta gajeru da kwalaben citta da kirfa da na'ana'a a jere, garwashi na ci, turaren wuta na tashi. Wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, lokacin karin kumallonsu, ɗalibai biyar ko shida za su haɗa kuɗi a yi musu bosh: a gutsuttsura burodi a babban kwano, a kwarara ruwan dafaffen wake, a zuba mai da albasa da ɗan cuku in aljihu ya yarda, kowa ya sa hannu. Wanda ba shi da ko sisi ranar ba a tambayarsa. Mai shayin ta san wanda ya yi kwana biyu bai zo ba, ta san wanda take bi bashi, in ta ga yaro ya zauna shiru ta ce, “Ɗana, sha wannan tukuna, kuɗin ya biyo baya.” Ɗaya daga cikin matan nan, Awadiya Mahmud Koko, wadda ta haɗa kan masu shayi da masu abinci a ƙungiya, ta karɓi lambar yabo ta jarumtar mata a Amurka a 2016, kuma a zaman dirshan na 2019 ta jagoranci ciyar da jama'a. A wannan zaman shayi ake bayyana wa wanda bai gane darasi ba, a nan ake jin inda ake neman mai koyar da yara, a nan ake gane abokin da damuwa ta fara yi wa yawa.

Ranar Juma'a da yamma wasu su tsallaka Omdurman kallon zikirin Hamad al-Nil, wasu su tafi kokawa a Haj Yusuf, wasu su raba gari tsakanin ƙungiyoyin ƙwallon Hilal da Marrikh, masu son littafi su jira kasuwar tsofaffin littattafai da ake shimfiɗawa a dandalin Atine. Wasu kuma hutun nasu aikin sa kai ne. A ambaliyar 2013 matasa suka kafa Nafir suna kai ɗauki gida-gida. Ƙungiyar Shari' al-Hawadis, wadda ɗalibai suka cika ta, tana tara kuɗi ta saya wa yaran talakawa magani a bakin asibiti. A ma'aunin jadawalin bango, duk waɗannan ɓata lokaci ne, ba maki ba kuɗi.

Da yaƙi ya zo, jami'o'i suka watse, wasu harabobin suka zama sansanin mayaƙa, bankuna suka rufe, aka wawashe kasuwanni. 'Yan Najeriya suka taru a harabar Jami'ar Afirka suna jiran motocin da za su kai su iyakar Masar, suka yi kwanaki a hamada, rukunin farko ya sauka Abuja daga Aswan ranar 3 ga Mayu, 2023, wasu kuma aka kwaso su ta Port Sudan. Waɗanda ba su da inda za su je suka zauna. Abin da ya riƙe unguwannin Khartum a watannin nan shi ne ɗakunan agajin gaggawa da tukwanen takiyya, inda ake dafa wake da adas a raba wa duk wanda ya zo da kwano. Masu gudanar da su yawancinsu matasan unguwa ne, da ɗalibai da sababbin masu digiri, waɗanda suka san juna a filin ƙwallo da gindin bishiyar mai shayi da kwamitin unguwa. Ɗalibar likitanci ta aji huɗu ta zama mai ɗinke rauni, mai tura kuɗi ta Bankak ya zama ma'ajin tukunya, mai raksha ya zama motar asibiti. Da a ce kowannensu ya bi huɗuba ya kulle kansa a ɗaki da littafi, da ranar ba wanda ya san lambar wayar wani.

Waɗanda suka fita ma sun ga amfanin kowane ɗaya daga cikin ukun: karatu da sana'a da hutu. Takardar sakamako ce ta sa wasu suka samu ci gaba da karatu, kamar ɗaliban likitanci na wata jami'a mai zaman kanta da Ruwanda da Tanzaniya suka karɓa a 2023, kuma wanda ya yi wasa da zangunan baya ya ga ƙofar ta rufe a gabansa. Sana'ar hannu ce ta ciyar da wasu a Alƙahira da Kampala da Kano. Aboki kuma shi ne ya ba da tabarmar kwana.

Sojoji sun karɓe Khartum daga hannun RSF a watan Maris na 2025, aka shiga maganar gyara harabobi da dawo da ɗalibai. Wanda zai dawo ba yaron da ya tafi ba ne. Ya girma da shekaru, wataƙila shi ke riƙe da gidan yanzu, wataƙila an sace raksharsa, kuma gidan Alshajara da zai koma sai an sake masa ƙofa da wayar wuta. A ce masa ya ajiye komai ya zauna aji daga safe zuwa la'asar, kora ce da ba a rubuta ba. Khartum kuwa ta taɓa sanin maganin wannan. Reshen Jami'ar Alƙahira da aka buɗe a birnin a tsakiyar shekarun 1950, wanda aka mayar Jami'ar Nilain a 1993, da yamma yake ba da darussa. Malamin firamare da akawu da ɗan sanda su tashi daga aiki su shiga aji, kuma lauyoyi da akantoci masu yawa na Sudan ta nan suka fito. 'Yan Jami'ar Khartum sun riƙa yi masa kallon raini, amma ya karɓi mutum a yadda rayuwarsa take.

Abin da zan nema daga shugabannin jami'o'i, a Khartum ko a Kano ko a Yamai, bai kai gina sabon zaure tsada ba. A fitar da jadawalin zango tun ranar farko a tsaya a kansa, don mai aiki ya san abin da zai gaya wa maigidansa. A tattara darussan aji ɗaya a wuni uku ko huɗu maimakon a warwatsa su, darasi ƙarfe takwas wani ƙarfe uku, ɗalibi ya biya kuɗin mota ya wuni yana jiran malamin da a ƙarshe zai aiko cewa ba zai samu zuwa ba. A daina sa darasin cike gurbi ranar hutu ba tare da an tambayi kowa ba. A ba wanda ya nuna shaidar aiki damar ɗaukar kwasa-kwasai kaɗan ya gama a shekara biyar maimakon huɗu, ba tare da an rubuta masa faɗuwa ba. A bar ɗakin karatu mai wuta a buɗe har dare, tun da gida babu. Jihohinmu kuma da ke ɗaukar hoto da ɗalibai a filin jirgi ranar tafiya, su sa alawus ɗin a jerin abin da ake biya tare da albashi, ranar da ma'aikata suka ji ƙarar saƙon banki shi ma yaron da ke ƙasar waje ya ji tasa.